Yadda ake auna muryar mai cutar Parkinson

Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, karkarwar hannunsa ce ta tsaya masa a rai. Amma waɗanda suka san shi tun yana ganiyarsa, lokacin da kaifin bakinsa ya kai zafin naushinsa, dushewar muryarsa ta fi taɓa su. Cutar Parkinson ce, wadda likitan Landan James Parkinson ya fara bayaninta a 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali, motsin jiki ya yi ta raguwa, har da na maƙogwaro da ƙirji da leɓe. Mafi yawan masu cutar sukan gamu da matsalar murya.

Abin tausayin shi ne, mai cutar ba ya jin cewa muryarsa ta yi ƙasa. 'Yarsa za ta ce, "Baba, ɗaga murya mana," shi kuwa gani yake ita ce ba ta kasa kunne. In ya ɗaga daidai yadda ake so, sai ya ji kamar ihu yake yi. Shi ya sa tambayarsa kawai ba ta isa ba, sai an auna.

Awon farko da kunne ake yin sa. Ƙwararren mai gyaran magana zai sa shi ya ja numfashi ya ce "aaa" iya tsawon da zai iya, a duba daƙiƙa nawa ya kai, sannan ya karanta 'yan layuka, a kuma ja shi da hira. Hirar na da muhimmanci, domin da yawa sukan ƙoƙarta wajen karatu, da an shiga zance sai muryar ta sulale. Akwai ma'aunin GRBAS da likitan Japan Minoru Hirano ya yaɗa a 1981, wanda ke ba da maki daga 0 zuwa 3 kan kaushin murya, fitar iska tare da ita, rauninta da matsewarta. Daga nan a naɗi muryar, manhajar kwamfuta irin Praat ta lissafa ƙarfinta da rawar da ke cikinta. Wani lokaci likitan maƙogwaro kan zura 'yar kyamara ya ga ko tantanin murya na haɗuwa sosai.

Mu Hausawa muna da ƙarin dalilin damuwa. Cutar kan baje murya ta hana ta hawa da sauka, alhali da karin sauti muke bambance kukan yaro da kukar miya. A ganina, mai auna Bahaushe ya kamata ya saurare shi cikin Hausa.

Maganin levodopa da ake ba masu cutar ya fi taimakon gaɓoɓi fiye da murya. Ita atisaye take so, kamar tsarin LSVT LOUD na Amurka: zama 16 cikin mako huɗu, ana horar da mutum ya saba da magana da ƙarfi. Inda babu ƙwararre kusa, iyali su riƙa naɗar muryarsa a waya duk bayan 'yan watanni, a ɗaki ɗaya, tazara ɗaya, su kai wa likita. In kuma ya fara ƙwarewa wajen shan ruwa ko koko, a faɗa wa likita ba tare da jinkiri ba, don tsokokin magana su ne na haɗiya.