Ruwan Indararo a Bobi: Daga Rufin Kwano Zuwa Bakin Moda

Da zarar hadari ya taso daga gabas a Bobi, sai ka ga tsakar gida ta rikice. Yara na jan daro, uwar gida na tura duro ƙarƙashin bakin kwano, har tukunyar tuwo ba a bari a baya. Tarar ruwan sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kontagora. Abin da ya sauya shi ne yawan ruwan da ake tara, da yadda gidaje suka fara dogara da shi wajen sha.

Rufin kwano ne ya fara buɗe wannan ƙofa. Ruwan da ya sauko daga jinka ja yake zuwa, da warin bunu, sai dai wanki. Kwano kuwa yana ba da ruwa garau, kuma da yawa. Wannan yanki yana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, yawanci tsakanin Mayu da Oktoba. Kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 50 yana karɓar lita 50,000 a damina, ko an cire wanda ya fantsale a ƙasa, abin da ya rage ya fi ƙarfin randunan gidan.

Sai kuma halin da sauran hanyoyin ruwa suke ciki. Famfon burtsatse idan ya lalace yakan daɗe yana jiran mai gyara. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tayar da janareto don jawo ruwa ya yi tsada, kuɗin jarka da na fiya wata suka bi sahu. A makiyayar Bobi, mai faɗin sama da hekta 30,000 a ƙaramar hukumar Mariga ta jihar Neja, mutum da saniya kan haɗu a bakin ruwa ɗaya. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta sa tura yarinya rafi mai nisa ya zama abin fargaba. Uwar da ruwa ya zubo mata har ƙofar ɗaki ba za ta ƙi shi ba.

Inda nake da damuwa shi ne maganar nan da ake yawan yi, wai ruwan sama ruwan Allah ne, ba ya bukatar komai. A sama haka yake. Amma kafin ya iso duro ya wanke kwanon da ya sha ƙurar rani wata shida, da kashin ƙadangare da na tantabara da tsatsa. Shi ya sa ruwan farko ba na sha ba ne. A bar shi ya wanke rufin tukuna, sannan a tara. Bayan haka akwai mazubin kansa: duro marar murfi gidan sauro ne, jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi kuwa ko an wanke ta sau goma ba ta cancanci ruwan sha ba. Na ƙarshe ita ce moda. Yaro ya dawo daga bayan gida, ya tsoma ta cikin randa har wuyan hannu, shi ke nan duk wahalar tacewa ta tashi a banza. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihar Neja na cikin waɗanda abin ya shafa.

Tace ruwa ma ba sabon ilimi ba ne a gare mu. Dattawa na tuna zamanin kurkunu. A 1988 an ƙirga masu cutar sama da 650,000 a Najeriya. Babu allura, babu ƙwaya. Ƙyallen tacewa da aka raba gida-gida, da aikin Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, da tsabtace tafkuna, su suka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa cutar ta ƙare a ƙasar. Sai dai ƙyalle ya yi nasara ne saboda ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu babba ne. Ƙwayoyin taifot da na gudawa sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

A nan ne tukunyar tacewa ke da amfani. Wani masani ɗan Guwatamala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro ta a 1981. Ana cuɗa yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a gasa. Wuta ta cinye ɓuntun ta bar ƙananan kafofi, ruwa ya riƙa tsatsafowa lita ɗaya zuwa uku a awa cikin bokiti mai murfi da ɗan famfo. Famfon nan a ganina rabin maganin ne, domin ya raba hannu da ruwa. Akwai kuma matacin yashi da tsakuwa na David Manz na Jami'ar Kalgari a Kanada, wanda sai ya yi makonni ana zuba masa ruwa kafin ya kama aiki sosai. Dukansu suna rage ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma ba sa tare mafi ƙanana irin na ciwon shawara, ba sa kuma cire guba irin dalmar da ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi a 2015. Don haka ruwan jariri da na majinyaci sai an ƙara da tafasawa ko ɗigon kulorin.

Tukunya kuma tana fashewa, idan babu inda za a sayi wata kusa, gidan ya koma gidan jiya. Abin da ke ba ni fata shi ne Neja ƙasar maginan tukwane ce. A Suleja Ladi Kwali ta yi aikin da ya kai hotonta kan takardar naira 20. Hannun da ya iya randa zai iya matacin, idan aka koya masa awon yumɓu da zafin gashi, aka kuma sami mai gwada kowace tukunya kafin ta shiga kasuwa.

Babban giɓin dai ajiya ce. Gida mai mutum takwas, kowa lita biyar ta sha da girki, yana bukatar lita 40 a rana. Rani na kwana 180 zai ci lita 7,200, alhali duro mai lita 200 kwana biyar zai yi. Burazil ta fuskanci irin wannan a yankinta mai fari, ta shiga gina wa gidaje tankunan siminti masu lita 16,000 tun daga 2003. A Bobi ruwan yana zuwa a Agusta har ya yi ambaliya a tsakar gida, a Maris kuma yarinyar gidan ta sake ɗaukar jarka ta nufi madatsar da shanu ke sha.