Idan Kamfani Ya Karye, Wa Zai Biya Bashin?

Ka taɓa tambayar kanka amfanin "Ltd" ɗin nan da ake liƙawa a ƙarshen sunan kamfani?

A 1892 wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon, ya mayar da kasuwancinsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar ne masu hannun jari. Ba a jima ba kamfanin ya karye. Aka kai ƙara cewa ai Salomon da kamfanin duk abu ɗaya ne, sai ya biya bashin daga aljihunsa. A 1896 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ce a'a: kamfani mai rajista mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa nasa ne.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA 2020, a kan wannan ƙa'ida take. Amma fa ka lura, rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC ba ta ba ka wannan kariya. In bashi ya taso, ana iya bin gidanka da motarka.

Ko kai darakta ne, kariyar tana da iyaka. In ka tsaya wa kamfani a bashin banki, ko kuka gudanar da kasuwanci da niyyar damfarar masu bin ku bashi, kotu na iya ɗora maka biya. Don haka kafin ka sa hannu a takarda, duba da kyau: da sunanka ne, ko da sunan kamfani?