Masu ba da shawara kan zaɓen sana'a: me suke iya tsinana wa baƙo a Turai da Amurka?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a da ta yi ta bunƙasa tun daga shekarun 1990, wadda masu yin ta ba su da wata haja sai shawara. Ɗalibin da ya rasa fannin da zai karanta, da ma'aikacin da aikinsa ya gundure shi, da baƙon da ya iso da takardun shaidar karatu daga gida ya tarar babu wanda ya san darajarsu, duk sukan je wurinsu a zauna a tattauna na kimanin awa guda, mutum ya biya kuɗi ya tashi. A Ingila da Amurka akan kira mai wannan aiki koci, wato sunan da ake ba mai horar da 'yan ƙwallo. Ga Hausawan da ke zaune a birane irin su Landan da Hamburg da New York, maganar ba ta wasa ba ce, domin kuskure wajen zaɓen hanya yakan ci wa mutum shekaru da dukiya, ga shi kuma akwai iyali a gida da ke sa ran aike.

Wani abin lura shi ne tun asali saboda baƙi aka fara wannan aiki. A watan Janairun shekarar 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston, a unguwar North End, inda baƙi daga Italiya da gabashin Turai suka fi yawa. Shi kansa Parsons ya ɗanɗana ɗacin rashin tabbas. Aikin injiniya ya karanta, ya kama aiki a wani kamfanin jirgin ƙasa, sai tattalin arziƙin Amurka ya durƙushe a shekarar 1873 ya rasa aikin, ya koma lebura a masana'antar ƙarfe, daga nan ya zama malamin makaranta, daga bisani kuma ya karanta shari'a. Ya rasu a watan Satumban 1908, watanni kaɗan bayan buɗe ofishin, kuma sai a shekarar 1909 aka buga littafinsa mai suna Choosing a Vocation, wato zaɓen sana'a.

Abin da Parsons ya shimfiɗa a littafin matakai uku ne. Da farko mutum ya san kansa, wato abin da ya iya, da abin da yake sha'awa, da inda ƙarfinsa ya tsaya. Sa'an nan ya san ayyukan da ke akwai, da sharuɗɗan shiga cikinsu, da albashinsu da makomarsu. Na uku kuma ya yi amfani da hankali wajen gwama waɗannan abubuwa biyu. Fiye da shekaru 100 bayan haka, kusan duk mai ba da shawara na ƙwarai a kan wannan turba yake tafiya, ko da kuwa ya sauya wa matakan suna.

Mataki na farko shi ne ya fi jan hankalin masana, kuma daga nan ne gwaje-gwajen tantance sha'awa suka samo asali. Edward Strong na jami'ar Stanford ya fitar da nasa a shekarar 1927. Wanda ya fi yin tasiri kuwa shi ne John Holland, wanda tun daga shekarar 1959 ya kasa mutane da ayyuka gida shida: masu son aikin hannu da na'urori, da masu son bincike, da masu fasaha da ƙirƙira, da masu son taimakon jama'a kamar malamai da ma'aikatan jinya, da masu son jagoranci da ciniki, sai kuma masu son aikin ofis mai tsari da ƙa'ida. A ganinsa, mutum ya fi daɗewa kuma ya fi gamsuwa a aikin da ya dace da ɗabi'arsa. Ma'aikatar ƙwadagon Amurka tana amfani da wannan rabo a rumbun bayananta na intanet mai suna O*NET, wanda ke bayani a kan ɗaruruwan sana'o'i, kuma kowa na iya yin gwajin kyauta.

To, sai dai kuma gwaji ba duba ba ne. Iyakarsa ya mayar wa mutum da abin da ya faɗa game da kansa a tsare, kuma wanda bai taɓa ganin aikin ɗakin gwaje-gwaje ba ba zai iya cewa yana son sa ko ba ya so ba. Akwai ma wani gwajin da ya yi suna ƙwarai, wato Myers-Briggs, wanda masana halayyar ɗan Adam da dama ke suka bisa hujjar cewa mutum guda kan samu sakamako dabam idan ya sake yin sa bayan 'yan makonni. Duk kocin da ya ɗora shawararsa kacokan a kan sakamakon gwaji guda, ko shakka babu ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne.

A nan ne ya kamata a bambanta tsakanin masu ba da shawara iri biyu. Akwai waɗanda suka yi karatun wannan fanni a jami'a suke aiki a makarantu da ofisoshin ƙwadago, akwai kuma koci mai zaman kansa. Ƙungiyar da ta fi girma a tsakanin masu zaman kansu ita ce ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a Amurka a shekarar 1995, kuma tana ba mambobinta takardar shaida bisa yawan sa'o'in horo da na aiki. Amma a Ingila da Amurka babu wata dokar da ta hana kowa kiran kansa koci. Wanda ya yi kwas na ƙarshen mako guda da wanda ya shekara 20 yana aikin duk suna ɗaya suke amsawa, kuma farashi yakan bi bakin mai talla ne fiye da gwanintarsa. Bisa ƙa'idar aikin ma, koci ba ya zaɓa wa mutum sana'a kuma ba ya samo masa aiki. Tambayoyi yake yi, ya taimaka a tsara mataki, a dawo bayan mako biyu ko uku a duba abin da aka cim ma. Saboda haka duk wanda ya yi alkawarin aiki ko biza a madadin kuɗin shawara, wata sana'ar yake yi dabam.

A haƙiƙanin gaskiya, matsalar baƙo ba kasafai takan kasance a mataki na farko ba. Mutumin da ya yi shekaru 10 yana aikin jinya a Kano ko Damagaram ya riga ya san abin da ya iya. Abin da ya shige masa duhu shi ne mataki na biyu, wato ƙa'idojin ƙasar da ya sauka, kuma a wannan fage ofisoshin gwamnati da ba sa karɓar ko sisi sun fi yawancin masu zaman kansu amfani. A Ingila an kafa hukumar ba da shawara kan sana'a ta ƙasa a shekarar 2012, yayin da cibiyar UK ENIC, wadda kafin shekarar 2021 ake kira UK NARIC, ke auna takardun shaidar ƙasashen waje da na Birtaniya bisa wani kuɗi da ake biya. Likitan da ya yi karatu a Najeriya yawanci sai ya ci jarrabawar PLAB kafin a yi masa rajista, ma'aikaciyar jinya kuma sai ta nuna shaidar iya Ingilishi, ta ci jarrabawa a kwamfuta da wata ta nuna aiki a aikace. Wanda ya san wannan jeri tun da wuri yakan tanadi kuɗi da lokaci. Wanda bai sani ba yakan shige wani aikin wucin gadi, ya farka bayan shekaru biyar ya ga gwanintarsa ta tsufa.

A Jamus lamarin ya fi tsari, domin tun shekarar 1927 doka ta ɗora aikin ba da shawara kan sana'a a wuyan hukumar ƙwadago ta ƙasa, kuma ofisoshinta na da cibiyoyin bayani da kowa zai iya shiga. A watan Afrilun shekarar 2012 wata doka ta fara aiki wadda ta ba kowa, ko daga ina ya fito, 'yancin neman a duba takardun sana'arsa a gwada su da na Jamus. Idan aka tarar da giɓi, sai a faɗa masa abin da ya rage ya cike. Bugu da ƙari, ƙasar na da sana'o'i sama da 300 da ake koyo a kamfani da makaranta lokaci guda, na tsawon shekaru biyu zuwa uku da rabi, ana biyan ɗan koyo a kowane wata. Iyaye da yawa daga Afirka ta Yamma kan yi wa wannan hanya kallon ta wanda ya kasa shiga jami'a, alhali a wurin Jamusawa hanya ce mai daraja, kuma mai gyaran wutar lantarki da ya kai matsayin ƙwararre na iya buɗe kamfaninsa ya ɗauki 'yan koyo.

Wannan ya kawo mu ga batun iyaye, wanda mai ba da shawara Bature kan yi wa gurguwar fahimta. A ƙasar Hausa sana'a gado ce a da. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ɗan mahauci a mahauta, kuma ko da boko ya zo, uba ko kawu ko yaya ne ke faɗa wa yaro abin da zai karanta. Aikin ba da shawara a makarantun Najeriya ya faro ne a shekarar 1959 a kwalejin 'yan mata ta Saint Theresa da ke Ibadan, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta amince da shi, amma ɗalibai da yawa sun gama sakandare ba su taɓa zama da irin wannan jami'i ba. Saboda haka idan koci ya tambayi yarinya 'yar Hausawa da aka haifa a Manchester abin da ita kaɗai take so, ya manta da rabin lissafin, tun da ita ce za ta koma gida ta fuskanci mahaifin da ya ƙudura sai ta zama likita. Mai ba da shawara da ya san aikinsa yakan sa iyaye da nauyin iyali cikin lissafi, ya kuma ba yarinyar bayanan albashi da makomar aikin da take so, waɗanda za ta iya ajiyewa a gaban mahaifinta cikin ladabi.

Akwai kuma wani bincike da ya shafi zaman baƙi kai tsaye. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya tambayi ƙwararrun ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston yadda suka samu ayyukansu. Fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani ne, amma abin mamaki shi ne galibi ba amini ko ɗan'uwa ba ne ya ba su labarin aikin, wani ne da suke haɗuwa da shi jefi-jefi. Dalili kuwa a fili yake: na kusa da kai abin da ka sani shi ya sani. Zumuncin Hausawa a ƙetare yana da ƙarfi, shi ne ke samar wa sabon zuwa masauki da aikin farko, amma idan duk waɗanda ake zama da su bayan sallar Juma'a tuƙin tasi ko gadi ko aikin kula da tsofaffi suke yi, labarin waɗannan ayyuka kaɗai zai riƙa zuwa. Shi ya sa ɗaya daga cikin ayyukan da koci kan ba mutum shi ne ya nemi mutane uku ko huɗu da ke yin aikin da yake sha'awa, ya roƙi minti 20 na lokacinsu, ya tambaye su yadda suka shiga da abin da ake buƙata, ba tare da ya roƙi aiki ba.

John Krumboltz na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun ƙara da cewa, a wata maƙala da suka buga a shekarar 1999, yawancin mutane kan tsinci kansu a sana'arsu ne ta hanyar abubuwan da ba su tsara ba, don haka rashin yanke shawara nan take ba aibi ba ne muddin mutum na gwada abubuwa, kamar aikin sa kai na 'yan makonni ko ɗan gajeren kwas na yamma. Masu bin wannan ra'ayi kan auna nasarar zama da mai ba da shawara da abin da mutum ya aikata bayan ya fita daga ofis, wato wasiƙa nawa ya aika, mutum nawa ya gana da su, da kuma ko ya miƙa takardunsa ga hukumar da za ta duba su.