Me Ya Sa Ake Yi Wa Masu Neman Aikin Kwamfuta Wasa Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ɗansa ya karanta ilmin kwamfuta, amma duk kamfanin da ya nemi aiki sai a ba shi lissafi mai ɗaure kai, ya kwana uku yana fama babu ko sisi. Shin wannan ba cuta ba ce?

AMSA: To Malam, jarrabawar kanta ba cuta ba ce. Ai kai ma in za ka ɗauki mai huɗa, sai ka ga ya ja kunya guda tukuna. Haka kamfanoni suke gwada masu rubuta wa kwamfuta umarni, domin takardar makaranta kaɗai ba ta nuna gwani.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a Amurka. A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya yi suna wajen kacici-kacici, har yakan tambayi mutum me ya sa murfin ramin kwatami yake da'ira. Akwai kuma wata gwaji da ta bazu tun 2007, ana ce mata FizzBuzz: ka sa kwamfuta ta ƙirga daga 1 zuwa 100, duk lambar da 3 ta raba ba saura ta rubuta Fizz, wadda 5 ta raba kuma Buzz. A manyan kamfanoni mutum yakan zauna da masu gwaji huɗu ko biyar, kowanne kamar minti 45.

Amma fa akwai ƙorafi. A 2013 shugaban sashen ɗaukar ma'aikata na Google a lokacin, Laszlo Bock, ya ce kacici-kacicin ɓata lokaci ne, ba ya nuna wanda zai iya aiki. Sannan wanda ke da lantarki da intanet da hutu ya fi ɗan talaka samun damar shiri.

Saboda haka ka faɗa wa yaronka, kafin ya fara ya tambaya awa nawa aikin zai ci, kuma matakai nawa suka rage. Kunya guda gwaji ce, amma in aka ce ya huɗe gona sukutum kyauta, wannan ƙwadago ne, ya nemi ladansa. Duk wanda kuma ya ce a biya kuɗi kafin a ba da aiki, to a guje shi.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba yaron sa'a.