Ma'aunin Zamani da Gargajiya a Ilmin Zamantakewa: Misali daga Gaya da Ajingi

Darasin farko da akan koya wa ɗalibin ilmin zamantakewa a jami'a shi ne kasa al'ummun duniya gida biyu, watau na gargajiya da na zamani. Asalin wannan rabo daga masanan Turai na ƙarni na 19 yake. Ferdinand Tönnies, Bajamushe, ya bambanta zaman zumunta da zaman bukata a 1887. Emile Durkheim na Faransa kuwa, a littafinsa na 1893 kan rabon aiki, ya nuna cewa mutanen da suna haɗuwa ne saboda kamanninsu, sana'a ɗaya da tunani ɗaya, su kuwa na zamani dogaro da juna ke ɗaure su, domin kowa da irin aikinsa. Ma'auni ne mai amfani, amma a Turai aka sassaƙa shi, kuma ɗalibin da ya ɗauko shi ɗungurungum ya aza a kan ƙasar Gaya zai ga ya ƙi zama.

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a gabashin Jihar Kano, kusa da iyakar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin 201,000, Ajingi kuma kimanin 174,000, galibinsu manoma. Bisa ƙa'idar littafi, nan take sai a jefa su cikin rukunin gargajiya. To amma tarihin baka ya riƙe cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar Daura da ita, kuma Abagayawa, waɗanda ake lissafawa cikin mazaunan Dala na farko, maƙera ne da suka taso daga Gaya neman tama. Ko da an ɗauki waɗannan a matsayin hikaya, suna nuna cewa rabon aiki tsoho ne a nan. Manomi bai taɓa wadatuwa da kansa ba: garmarsa daga maƙeri take, rigarsa ta bi ta hannun masaƙi da marini, namansa na wurin mahauci, askinsa da kaciyar ɗansa na wanzami. Dogaro da junan da Durkheim ya keɓe wa zamani ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru.

Saboda haka kwatancen da ya fi dacewa shi ne wanda aka gina da kalmomin Hausa kansu. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, ya jawo hankali ga bambancin karda, sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da kansa. Da waɗannan kalmomi biyu kaɗai ɗalibi na iya auna canji sosai. Ɗan maƙerin da ya koma walda, shin gado ya riƙe ko shigege ya yi? Wutar dai ita ce, ƙarfen ma shi ne, sai dai a wurin wani maigida ya koya, ba a maƙerar ubansa ba. Aikin malamin firamare, da tuƙin mota, da gyaran wayar hannu duk shigege ne, kuma yawaitarsu ita ce alamar da ta fi bayyana sauyin zamani a karkara.

Haka nan gandu. Polly Hill ta bayyana shi filla-filla a littafinta na 1972 kan Batagarawa, sa'an nan a na 1977 kan karkarar Kano: uba da 'ya'yansa magidanta suna noma gona ɗaya, shi ke ciyar da su, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa. Tambayar da ta kamaci mai nazari a Ajingi ita ce, yaya gandu ke kasancewa idan gado ya rarraba gona, samari kuma suna tafiya cin rani birni suna aiko da kuɗi? Wani gidan kuɗin nan ne ke riƙe gandun, wani kuwa shi ke rusa shi.

Sarauta ma, wadda ake ɗauka uwar gargajiya, ta ƙi shiga rukuni ɗaya. A 2019 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta kafa masarautar Gaya mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi. A watan Mayu na 2024 majalisar ta soke dokar, daga baya a cikin shekarar aka maido da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu. Rawani da algaita na da ne, amma ikon da ya ɗaga su ya kuma sauke su na 'yan majalisa ne da aka zaɓa da ƙuri'a. Max Weber ya rarrabe ikon gado da ikon doka, ga shi a Gaya an same su a kan karaga ɗaya cikin shekara biyar.