Me Ya Sa Shafi Ɗaya Ke Aiki A Wata Burauza, Ya Ƙi A Wata?

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman aiki ko biyan kuɗin makaranta ta intanet ya san wannan takaici. Ka cike komai, ka danna madannin aikawa, shiru. Ka sake dannawa, shiru. Sai wani ya ce maka, “Bar wannan, buɗe ta Chrome,” ko “Je ka gwada a kwamfuta.” Kana gwadawa sai abu ya wuce nan take. Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan waya ko a kan netwok, alhali sau da yawa tun daga ginin shafin aka samu matsala: an gwada shi a burauza ɗaya tak, aka sake shi ga jama'a. In aka kai ƙorafi, amsar da aka saba ji daga magina ita ce, “Ai a wurina yana aiki.” Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta warware wa kowa komai ba, domin ba don kwamfutar magini aka yi shafin ba.

Daga ina saɓanin yake tasowa?

Shafin intanet ba ya isowa wayarka a matsayin hoto kammalalle. Abin da sabar ke turowa rubutun umarni ne iri uku. HTML ke faɗin abin da ke cikin shafin, wato kanun labari, rubutu, hoto da fom. CSS ke faɗin yadda za a jera su, da launi, da faɗi, da tazara. JavaScript kuma ke kula da motsi, kamar abin da zai faru in an danna madanni. Burauza ce ke karanta waɗannan umarni ta zana abin da kake gani. Kamar ka ba teloli uku yadi iri ɗaya da awo iri ɗaya ne: riguna uku za su fito, amma duk inda takardar awon ta yi shiru, kowane tela zai yanke abin da ya ga ya dace.

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke aikin zanen guda uku ne manya. Blink shi ne ke cikin Chrome, Edge, Opera da Samsung Internet. WebKit ke cikin Safari na kamfanin Apple. Gecko kuma na Firefox ne. Sanin wannan kaɗai yana rage rabin wahala. Wanda ya gwada shafinsa a Chrome da Edge da Opera, ya ce ya gwada a burauza uku, a injin guda ya gwada. Haka nan Chrome ɗin da ke kan iPhone da WebKit yake aiki, domin Apple ya daɗe yana tilasta wa kowace burauza a wayoyinsa amfani da injinsa. Sai a 2024 ya buɗe ƙofa ga wasu injina, shi ma a ƙasashen Tarayyar Turai, bayan dokarsu ta matsa masa.

Matsalar tana da tarihi. Bayan fitowar Netscape Navigator a 1994 da Internet Explorer na Microsoft a 1995, kamfanonin biyu suka shiga gasa, kowa na ƙirƙiro umarnin da burauzarsa kaɗai ke ganewa. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, tana fitar da ƙa'idoji, amma bin su ya zama ganin dama. Sanannen misali shi ne lissafin faɗin akwati. In magini ya ce faɗin akwati ɗigo 200 ne, da tazarar ɗigo 20 a kowane gefe, ƙa'ida ta ce jimilla 240 ke nan. Tsohuwar Internet Explorer 5 kuwa takan cusa tazarar a cikin 200 ɗin. Bambancin ɗigo 40 ya isa ya tunkuɗa rabin shafi zuwa ƙasa.

A farkon shekarun 2000 Internet Explorer ta mamaye sama da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da intanet, sai magina da yawa suka daina tunanin sauran. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana kuɗar haka fiye da kowa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka ɗora harkar banki da sayayya ta intanet a ƙasar a kan fasahar ActiveX, wadda Internet Explorer kaɗai ke ɗauka. Aka shafe sama da shekara goma mai amfani da Firefox ko kwamfutar Apple bai iya biyan kuɗi cikin sauƙi ba. Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, amma darasin na nan: burauzar da ta mamaye kasuwa yau ba ita ce ƙa'ida ba.

Inda matsalar ta fi ɓullowa

Na farko, sabon abu da wata burauza ta karɓa, wata ba ta karɓa ba tukuna. Akwai umarnin CSS mai suna gap da ke saka tazara tsakanin abubuwan da aka jera a layi. Firefox da Chrome sun riga Safari karɓarsa a tsarin jeri mai suna flexbox, domin sai a 2021 ya iso Safari. Mai tsohuwar iPhone sai ya ga madannai sun cunkushe a jikin juna, mai sabuwa kuma ya ga komai tsaf.

Na biyu, kuskuren magini da wata burauza ta yafe. Wannan ya fi ruɗarwa. Ƙa'idar JavaScript ta tanadi cewa a raba kwanan wata da lokaci da harafin T. In magini ya bar fili a wurin, Chrome kan gane nufinsa ta wuce, amma tsofaffin Safari sukan ce kwanan watan ba daidai ba ne, fom ya tsaya cak. A nan burauzar da ta ƙi aiki ba ta saɓa ƙa'ida ba, wadda ta yi aiki ce ta rufa wa magini asiri.

Na uku, bambancin waya da kwamfuta. A waya, wurin rubuta adireshi yana ɓuya ya sake fitowa yayin da kake jan shafi, don haka umarnin da ke cewa abu ya cika tsawon allo yakan tura madannin ƙasa zuwa inda yatsa ba ya kai. Sai a 2022 manyan burauzoji suka karɓi sabon ma'aunin dvh da ke bin ainihin tsawon da ake gani.

Na huɗu, matakan kare sirri. Tun 2020 Safari ke toshe kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza, in wani shafi na daban ne ya dasa su, Firefox ma tana da nata shingen. Shafin da ya dogara da irin waɗannan kukis wajen shigar da mutum ko karɓar kuɗi yakan yi ta mayar da shi shafin farko ba tare da bayani ba.

A ƙasashenmu akwai ƙarin abubuwa biyu. Opera Mini ta samu karɓuwa a Najeriya saboda tana rage cin data. A yanayinta na matsanancin tsimi, sabar kamfanin ce ke buɗe shafin, ta matse shi, ta turo maka sakamakon, kuma ɗan lokaci kaɗan take ba JavaScript ya yi aiki. Shafin da ba ya nuna komai sai JavaScript ya gama lodi yakan fito fari fat a can. Abu na biyu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. In shafi bai bayyana cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shi ba, ɓ da ɗ da ƙ sukan koma tarkacen alamomi. In kuma zubin haruffan da aka zaɓa ba ya ɗauke da su, sai wata waya ta aro su daga wani zubin su fito daban da 'yan'uwansu, wata kuma ta nuna akwatuna. A kundin Unicode ƙaramin ƙ yana wani sashe, ɓ da ɗ suna wani, shi ya sa ake iya samun zubin da ke da ɗaya ba shi da sauran. Mai wallafa Hausa ya gwada duka ukun, manya da ƙanana.

Yadda ake bin sawun matsala

Gwanayen wannan aiki ba sa fara gyara sai sun ga matsalar da idonsu. Matakin farko shi ne a maimaita ta: wace burauza ce, fitowa ta nawa, wace waya, me aka danna kafin abin ya faru. Kada a manta cewa mahaɗin da aka danna a cikin Facebook ko Instagram yakan buɗe a burauzar cikin manhajar, wadda halinta ya bambanta da na cikakkiyar burauza.

Daga nan sai a kawar da abin da ba na shafin ba. A goge ma'ajiyar wucin gadi, domin burauza na iya riƙe tsohon fayil ta haɗa shi da sabo. A kashe ƙarin kayan da aka liƙa mata, musamman masu toshe talla. In matsalar ta ɓace, an huta.

In tana nan, sai a gwada a injinan uku. Abin da ya lalace a Safari da kuma Chrome na iPhone, amma ya yi daidai a Android, yana nuna WebKit. Abin da ya lalace ko'ina a waya amma ya yi daidai a kwamfuta yana nuna girman allo, ƙarfin waya ko jinkirin netwok.

Sai a buɗe kayan binciken da ke cikin burauza, wanda a Chrome, Edge da Firefox madannin F12 ke fito da su. Sashe ɗaya yana jera kurakuran JavaScript da lambar layin da suka faru. Wani yana nuna fayilolin da suka ƙi saukowa. Wani kuma yana nuna umarnin CSS da burauzar ta yi watsi da shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin CSS ba ya ƙorafi: in burauza ba ta gane umarni ba, tsallake shi take yi shiru. JavaScript kuwa kalma ɗaya da tsohuwar burauza ba ta sani ba tana iya hana fayil ɗin gaba ɗaya aiki. In matsalar a waya take, wayar Android ana haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB a leƙa cikinta da Chrome, iPhone kuma da Safari a kwamfutar Mac.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ragewa. A kwafi shafin, a cire rabinsa, a gwada. In matsalar na nan, a sake cire rabin abin da ya rage. In ta ɓace, tana cikin rabin da aka cire. Shafi mai layi dubu, ragi goma ya isa ya kai mutum ga layin da ke da laifi. Da an same shi, sai a duba shafin Can I use ko kundin MDN a ga waɗanne burauzoji ne suka karɓi wannan umarni, kuma daga wace fitowa. Amsa ba ta wuce uku: burauzar ba ta karɓa ba tukuna, ko magini ya saɓa ƙa'ida, ko kuma burauzar ce ke da aibi, wanda sai a kai rahotonsa ga masu ita.

Gyaran da ke ɗorewa

Gyaran gaggawa da ke jan hankalin sabon magini shi ne ya sa shafi ya tambayi sunan burauza, in Safari ce a yi kaza, in Chrome ce a yi kaza. Tarihi ya nuna illar haka. Saboda shafuka sun riƙa korar burauzar da ba su san sunanta ba, yau kusan kowace burauza tana gabatar da kanta da sunan Mozilla, Chrome ma har da sunan Safari take haɗawa. Lokacin da Opera ta kai fitowa ta 10 a 2009, wasu shafuka suka karanta lambar farko kawai suka ɗauka fitowa ta 1 ce, dole kamfanin ya sa ta riƙa kiran kanta 9.80. Hanya mai kyau ita ce a tambayi burauza ko ta iya abin da ake so. CSS yana da umarnin @supports don haka, JavaScript ma yana iya dubawa kafin ya yi amfani da sabon abu.

Akwai kayan aiki masu taimakawa. Babel yana mayar da sabon JavaScript zuwa tsohon salo, Autoprefixer kuma yana ƙara wa CSS alamomin da wasu burauzoji ke buƙata. Amma kowane cikon da aka ƙara nauyi ne a kan datar mai karatu. Abin da ya fi shi ne a fara gini daga tushe: rubutu ya karantu, fom ya aiku da HTML zalla, sannan a ɗora ado da motsi ga burauzar da za ta iya ɗauka. In adon ya faɗi, aikin na nan tsaye.

Gwaji kuma ya bi masu ziyara na haƙiƙa. Ƙididdigar shafi tana nuna wayoyi da burauzojin da mutane ke shigowa da su. In mafi yawansu masu ƙananan Tecno da itel ne, to a ajiye irin wannan wayar a teburin gwaji. Rage faɗin allon kwamfuta ya yi kamar na waya ba ya sauya injin, ba ya kuma nuna nauyin da ƙaramar waya ke ji. Gani ya kori ji. Manhajoji irin su Selenium da Playwright suna maimaita gwaji da kansu duk sanda aka taɓa shafin, BrowserStack kuma yana ba da hayar wayoyi na gaske ta intanet.

Al'amura sun yi sauƙi fiye da da. Tun 2022 Apple, Google, Microsoft da Mozilla mai Firefox suke haɗuwa kowace shekara a shirin Interop su zaɓi wuraren da burauzojinsu suka saɓa su daidaita. Sai dai gyaran da aka yi bana ba ya isa wayar da ta daina karɓar sabuntawa tun shekarun baya, kuma irin waɗannan wayoyi suna hannun mutane da yawa.

Mai karatu ma yana da rawar da zai taka. In shafi ya ƙi, ka sabunta burauzarka, ka gwada wata mai injin daban, in kana cikin manhajar sada zumunta ka fita ka buɗe mahaɗin a cikakkiyar burauza. In za ka kai ƙorafi, ka faɗi sunan waya, sunan burauza da abin da ka danna, ka haɗa da hoton allo. Makaranta, ma'aikata ko kamfanin da zai ba da kwangilar gina shafi kuma ya rubuta a cikin yarjejeniya waɗanne burauzoji da wayoyi ne dole shafin ya yi aiki a kansu, kuma kafin a biya cikon kuɗi, a sa wani ya cike fom ɗin daga farko har ƙarshe a kan mafi arahar wayar da jama'ar wurin ke riƙewa.