In An Kwance Inji Daga Kura, Me Ma'aikaci Yake Bin Maigida?

Da zarar an ga makanikai suna kwance injin casar shinkafa a Kura ana loda shi a babbar mota za a yi Sharada ko Challawa da shi, sai magana ta tashi a teburin mai shayi. Wannan ya ce ai inji ne ya yi ƙaura, ba korar kowa aka yi ba, don haka babu ko sisi. Wancan ya rantse doka ta wajabta albashin wata uku. Dukansu sun kauce.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya bai damu da inda inji ya nufa ba. In dai aikinka zai ƙare, sai an ba ka wa'adi. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana 1. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako 1. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako 2. Biyar zuwa sama, wata 1. Wa'adin da ya kai mako dole ya zo a rubuce, ba manaja ya leƙo bakin ƙofa ya ce "Malam, gobe kar ka zo" ba. Maigida na iya biyan kuɗin kwanakin a madadin wa'adin, kuma duk albashin da ake binsa sai ya biya kafin wa'adin ya cika.

Batun wata uku kuwa, babu shi a dokar. Sashe na 20, mai magana kan rage ma'aikata, bai yanka adadi ba. Abin da ya ɗora wa maigida shi ne ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. A ganina nan ne dokar ta yi wa talaka rowa, don wanda ba shi da ƙungiya da wa zai zauna ciniki? Sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta ambaci adadi, wannan ya zama bashi.

"Na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita" gaskiya ne, yana cikin sashe na 20 ɗin, amma ana duba ƙwarewa da riƙon amana. Yaron da ya iya gyaran inji zai iya tsira, a sallami dattijon da ya riga shi.

Ana kuma haɗa rufewar ɗan lokaci da rage ma'aikata. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016, ta tsaya saboda ƙarancin tumatir, daga baya ta sake buɗewa. Sashe na 20 kuwa rasa aiki na dindindin yake nufi.

Masu cewa "ba takarda, ba haƙƙi" su sani sashe na 7 maigida ya ɗora wa nauyin ba da takardar cikin wata uku da fara aiki. Ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma a gonakin rani na Bunkure, shi kam lissafinsa na yini ne.

Wanda aka hana haƙƙinsa ya tattara shaidar biyan albashi, ko da saƙon banki ne a waya, ya fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a birnin.